Ta'aziyyar Sakan Talatin

Tun shekarar da muka so kafa ƙungiyar ma'aikata a Kantin Wadata, kamfani ya ɗaura wa kowannenmu awarwaron roba. Idan mutum biyu suka tsaya wuri ɗaya fiye da sakan talatin, sai ya yi ƙara, a rubuta musu laifin taro. Laifi uku kora ce.

Ran Litinin matar Baba Nuhu ta rasu. Ran Laraba ya dawo aiki, don albashinmu ba ya jure zaman makoki na kwana uku. Na same shi yana jera gwangwanayen madara.

"Baba, ya haƙuri?"

"Da godiya, Isuhu."

"Allah ya jiƙan ta, ya sa ta huta."

Muka ɗaga hannuwa za mu yi mata addu'a. Ko salati ban ƙarasa ba awarwaronsa ya fara nuna jar wuta, alamar ya kusa yin ƙara. Laifi biyu gare shi, tun lokacin da yake zagayawa da takardar ƙungiya.

"Je ka layin shinkafa ka ƙarasa," in ji shi a hankali. "Ni zan amsa daga nan."

Na tafi. Na tsaya gaban buhuna na karanta Fatiha ni kaɗai, lasifika tana ta shelar rangwamen sabulu. Da na shafa sai na leƙo.

Yana nan tsaye, tafukansa a buɗe, wata mata tana tambayarsa kuɗin madara. Bai san na gama ba, ni kuma ba halin in koma in gaya masa.