Taro a Ƙarshen Kumasi

Oduro ya sauka a can ƙarshen Kumasi, ya ja hula ya rufe fuska. Akwai taron masu son barin giya a unguwarsu, amma a can kowa ya san shi, shi ya sa ya zo na nesa. Afrakoma, hasken ransa, ta rantse babu aure sai ya daina. In kuma mahaifinta, dattijon coci, ya ji yana sha, magana ta ƙare.

Yana shiga ɗakin taron ya tarar da dattijon yana jera kujeru.

"Baba, ɓatan hanya na yi."

"Maƙaryaci. Na daɗe da tuba, kwalaben giyar neman aure da danginka suka kawo ne suka dawo da ni nan."

"Ai sun fi haka yawa, Baba. A hanya suka ragu."

Dattijon ya tura masa kujera. "Ashe ka rage mini zunubi. Zauna, surukina."