Sunan Kakana

Ranar da malamin tarihi ya ba mu labarin Rumawa, na kasa cin abincin rana. Ya ce sarakunansu da manyan limaman cocinsu sukan ɗauki suna ɗaya, kamar Liyo, sai a bambanta su da lamba. Wani ɗan ajinmu ya tambaya yaushe ake samun na biyu. Ustaz ya ce, "Idan na farko ya mutu."

Ni kuwa sunan kakana aka sa mini, ga shi a lokacin yana kwance da ciwon ƙirji a gidanmu na unguwar Ƙiblatain, a ƙasar Larabawa inda na taso.

Bayan la'asar na same shi jingine da matashi, yana kurɓar shayi mai na'ana. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa shiga.

Ya ce, "Takwara, lafiya?"

Da Larabci na amsa, don kuka ya hana ni haɗa Hausa. Na roƙe shi ya sa a canza mini suna, tunda ni ne na biyu, kada ya mutu saboda ni.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa, sai ya yafito ni, ya jawo ni jikinsa.

"Ja'iri, ai su kujerar mulki suke jira. Suna ba kujera ba ne, zai ɗauke mu mu biyu. Zauna."

Har yau ƙamshin na'ana yakan sauke mini nauyin ƙirji. Ya miƙo mini ragowar shayinsa na shanye, sai a lokacin na ji yunwa.