Hannun Malam Tanko

Tun da aka ƙirƙiro amfilifayar jita da ke kwaikwayon salon hannun makaɗa, kowa ya iya jita a Damagaram. Barau ya shiga shagon Hajiya Dije zaɓen wadda zai kai biki. Ta farko sautinta tas, amma babu armashi. Ta biyu sautinta na ɗan karkarwa a tsirkiya ta uku.

"Ita ake rububi," in ji Hajiya.

Gaban Barau ya faɗi. Hannun maigidansa Malam Tanko ne, kiɗan da Barau ya naɗa a ɓoye ya miƙa wa kamfani. Tun daga nan ba wanda ya sake gayyatar tsohon wasa.

"Jiya ma ya zo ya saurara har ƙarshe," ta ƙara. "Ya ce in ka shigo, in gaishe ka."