Lambar Yabon Don Eleuterio

Ana liƙa wa dattijo Don Eleuterio lambar yabon yaƙin Chaco, dandalin garin ya ɗauki tafi. Can baya ƙanensa Anacleto yana sharar hawaye. Jikarsa Zunilda ta zungure shi.

"Kaka, kishin yayanka kake yi da tsufanka?"

"Kishin me, 'yar nan? Da aka kira shi aikin soja, matarsa na da ciki. Ni na ɗauki takardunsa na tafi a madadinsa. Shekara uku ina amsa sunansa."

Ta miƙe. "Tashi mu faɗa musu."

"Zauna. Shaiduna duk na binne su a daji. Shi kuwa tsufa ya ruɗa shi, labaran da na ba shi sun zama nasa. Jiya ma ya dafa ni ya ce, 'Gode wa Allah, ƙanena, ba ka ga yaƙi ba.'"