Sojan da Ya Tsallake Katanga

Hannu ya sauka a kafaɗar Ottmar Wiegand a tsakiyar 'yan kallo. Da safen nan ya tsallake katangar bariki cikin kayan gida, don ya kalli wasan ƙwallon ƙafa na ƙasarsa Jamus. A 1910, sojan da aka kama da wannan laifi sai kurkuku.

Mutum biyu ne, masu baƙaƙen huluna.

"Kai ne Wiegand? Biyo mu."

"Ranka ya daɗe, ba ni ba ne."

"Wuce, malam."

Suka tura shi wani ɗaki a ƙarƙashin rumfar 'yan kallo, suka rufe ƙofa.

"Tuɓe."

"Don Allah ku rufa mini asiri. Idan Kyaftin Lindau ya ji, na kaɗe."

Ɗayansu ya wurgo masa rigar 'yan wasan Jamus mai hoton gaggafa a ƙirji.

"Jirgin ƙasa ya bar ɗan wasanmu ɗaya. Saura goma, kai za ka cike."

"Wa ya ce muku na iya ƙwallo?"

"Kyaftin ɗinka mana, yana can zaune a layin gaba. Ya ce in ka ci ƙwallo, yau bai gan ka ba."