Hoton da Na Tsinta a Bakin Tur'a

Ina ɗan shekara takwas na tsinci hoton wani tsoho a bakin tur'a, magudanar ban ruwan gonaki, inda 'yan Kudu masu tsinkar auduga ke wanka. Farar jallabiya gare shi da farar tagiya, sai na ce shehi ne. Na sumbace shi, na ruga na kai wa Baba ya samu albarka.

Baba ya ga gicciye a ƙirjin tsohon. Bai ɗaga murya ba, shi ya fi tsorata ni.

"Ya walad, Paparoman Nasara ne. Bakinka ya taɓa shi?"

Na ce e.

Ya durƙusar da ni, ya wanke mini baki sau bakwai, ɗaya da ƙasa, kamar ƙwaryar da kare ya lasa. Yashi na ƙaras-ƙaras a haƙorana, na tambaye shi ko na kafirta. Ya zubar da sauran ruwan, ya tafi.

Bayan shekaru masu yawa, da yaƙi ya kore mu daga garinmu Hasahisa, na ga magajin tsohon a waya yana roƙon a daina kashe mu. Ban ji tsoronsa ba. Haushin Baba na ji, wanda ya rasu bai amsa mini ba.