Ranar da Mai Awo Ya Rage Birki

Tun da ka ce ba ka ga amfanin jiran da likita ya ɗora maka ba, gyara zama in ba ka labarin wani mutum da ya yi aiki a wata ma'aikatar roba a Sharaɗa.

Aikinsa awon sinadari. Ma'aikatar tana yin murfin injin tarakta, kuma ba narka roba suke yi ba. Wani ruwa ne tsararo kamar kananzir, mai warin kafur, ake raba shi ganga biyu. A ta farko a sa sinadarin da ke daskarar da shi, ɗan kaɗan, kamar tsohon nonon da ake ɗiga wa madara ta zama kindirmo. A ta biyu a sa wanda ke tayar da na farkon daga barci. Muddin ba su gamu ba, kowanne yana nan a ruwansa. Da inji ya gama su ya tura cikin mazubin ƙarfe, sai zafi ya tashi, kafin a jima abin ya yi tauri, a buɗe a ciro murfin da ko guduma ba ta fasa shi da sauƙi. Akwai kuma sinadari na uku, wanda ma'aikata ke kira birki. Shi ke riƙe waɗancan biyun na ɗan lokaci, har ruwan ya zaga kowane lungu na mazubin ya kori iska, sannan ya sake su. Kowace safiya mutumin nan ke auna na ranar. Shekara goma sha ɗaya yana yi bai taɓa ɓata ganga ba. Ya san laima na kashe sinadarin, saboda haka ko gumin goshinsa ba ya bari ya kusanci bakin ganga.

Wata Litinin da hantsi ƙanwarsa ta kira shi daga ƙauyensu can bayan Ringim. Ta ce Baba ya daina cin abinci, sunansa kawai yake kira. Abokin aikinsa, wanda shi kaɗai ya iya awon bayan shi, yana Makka aikin Hajji, ga murafu sittin da ake jira kafin damina ta sauka. Ya je wurin injiniyar da ke kula da sashen, mace ce mai sauƙin kai. Ta ce, “Malam, ka daure mana zuwa Laraba da azahar. Da mun ciro na ƙarshe, ni da kaina zan sa a kai ka tasha.”

Ya amsa da to, amma zuciyarsa ta riga ta kama hanyar gida. Washegari ya tsaya gaban ma'auni ya daɗe. Ya ga in ya rage birki da rabi, kowane murfi zai fito da wuri, a gama a ranar, ya kwana kusa da mahaifinsa. Ba lalaci ba ne, ba kuma rashin sani ba. Tsoho ne kwance a kan tabarma yana kiran ɗansa, ɗan kuwa yana jin kiran har cikin ƙarar inji. Sai ya rage birkin.

Murfi na farko ya fito lafiya, na biyu ma haka, don da sauran sanyin safiya. Har ya fara sakin ajiyar zuciya. Da rana ta ɗaga kwanon rufin ya ɗau zafi, sai ruwan ya soma daskarewa tun bai kai ƙarshen mazubi ba. Na uku ya fito da ramuka kamar gidan rina. Na huɗu rabi ne. Kafin a kai ga na biyar, ruwan ya kama a cikin bakin injin da bututunsa, ƙauri ya cika wurin, komai ya tsaya cak.

Bai jira an tambaye shi ba, ya je ya faɗa wa injiniyar abin da ya yi. Ta dubi bututun da ya koma kamar icce, ta dube shi, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Allah ya ba Baba lafiya. Ka tafi, za mu san yadda za mu yi.” Amma kunya ta hana shi. Ya kasa juya baya ya bar mutum ashirin da ɓarnar hannunsa, alhali babu mai iya sake awon sai shi. Ya ɗauki guduma da kurfi. Kwana biyu suna sassaƙe robar daga cikin ƙarfe, ita ma injiniyar ta naɗe hannun riga tana tayawa. Sannan ya sake awo, birki cif yadda ya saba, ya tsaya yana kallon kowane murfi yana cin lokacinsa har na ƙarshe ya fito ranar Juma'a da hantsi.

Ya sauka ƙauyensu da la'asar, ya tarar da mutane suna dawowa daga maƙabarta, ƙasa ba ta bar ƙafafunsu ba. Babu wanda ya ce masa don me. Kawunsa ya riƙe masa hannu ya kai shi zaure. Da aka watse, ya tambayi ƙanwarsa yaushe Baba ya daina magana. Ta so ta ɓoye, ta kasa. Ta ce, “Yaya, har safiyar Alhamis yana gane mutane. Ya sha kunu ma.”

Ya sunkuyar da kai yana ƙirga kwanakin da yatsa, daga Laraba. Ni ban taɓa ganin laifinsa ba, kai ma kada ka gani, don ƙauna ce ta tura hannunsa. Sai dai ruwan da ke cikin ganga bai san ƙauna ba, lokacinsa kawai ya sani. Shi ya sa Hausawa suka ce, sauri ya haifi nawa.